Yadda ake gyaran tsohuwar gangar fareti da neman kayan ƙarfenta a Zariya

Duk wanda yake shiga sito na makarantun garin nan, ko ɗakin ajiyar 'yan agaji, ko na majami'un Wusasa da Sabon Gari, ya san akwai gangunan fareti da aka jibge a lungu shekara da shekaru, fata ta fashe, notocin ɗaure fata biyu ko uku sun ɓace, tsatsa ta ci rim, wato zoben ƙarfen da ke danne fata a bakin ganga, kowa ya ɗauka sun gama aiki. Ina maganar ƙaramar gangar nan ce mai waya a ƙasa, wadda 'yan ban ke ce wa sayid dirom ko sineya. Zariya garin fareti ne tun da daɗewa, ga Defo na sojoji, ga makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954, ga tsofaffin kwalejoji, shi ya sa in ka tona irin waɗannan sito za ka ci karo da ganguna ƙirar Premier da Olympic 'yan Ingila, wani lokaci har da Ludwig 'yar Amurka. Wallahi da yawansu sun fi sababbin da ake kawowa masu arha nesa ba kusa ba, abin da ke kashe su shi ne gyaran gaggawa, a tura notin da ba nasu ba, a huda musu sabon rami, a kai wa mai walda. In za ka iya haƙuri ka auna kafin ka saya, za ka iya tada ita da hannunka.

Kayan aikin da za ka tanada

Makullin ganga, wato ɗan ki ɗin nan mai baki kusurwa huɗu. Amma duba kan notocin tukuna, don tsofaffin Premier da yawa notinsu mai tsaga ne a ka, irin wanda sukundireba mai faɗin baki ke shiga, ki na yau da kullum ba zai kama su ba. Sai sukundireba iri biyu, mai faɗi da mai sita, ƙaramar filaya, ƙananan sifana, tef ɗin awo mai inci da milimita duka, in ka samu aron baniya wajen makaniki ko mai injin tona (injin feƙe ƙarfe da yanka noti) ya fi, don ita ce ke auna kaurin noti daidai. Sai maganaɗisu ko da na tsohuwar sifika ne.

Na wanki kuma: kananzir, tsohon buroshin haƙori, tsummokara masu laushi (tsohuwar singileti ta auduga ta fi komai), sabulun wanke kwano na ruwa, binega fara, takardar foyil ta alminiyom irin ta naɗe nama, man goge ƙarfe kamar Autosol ko Brasso, da basilin ko farin giris. In jikin gangar na katako ne ka ƙara da farin gam na kafinta irin su Top Bond, da gam ɗin Evo-Stik na manna roba, samfefa mai laushi lamba 220 da 320, kyandir, da matsi na kafinta guda biyu ko uku. In babu matsi, robar tayar keke da aka yanka doguwa tana ɗaurewa sosai, da 'yan guntayen katako.

Kuma ka nemi gwangwanaye ko ledojin da za ka riƙa zuba ƙananan kaya, da gilashi mai faɗi ko tebur mai tayil wanda ya miƙe sumul. Wayarka ma kayan aiki ce a nan, saboda hoto.

1. Ka san me ke hannunka kafin ka taɓa noti ko ɗaya

Ɗauki hoton gangar ta kowane gefe, musamman wajen libar da ke ɗaga waya da sauke ta, da yadda aka zura igiyar wayar, da bajon kamfani. In akwai lamba a jikin bajon ko wani hatimi a ciki ka ɗauka, da shi ake gane shekarunta in ka tashi neman kaya.

Sai awo. Faɗin baki yawanci inci 14 ne, zurfi kuma 5 ko 5 da rabi ko 6 da rabi, na fareti sosai masu zurfi suna kai 10 ko 12. Kar ka yarda da ido, ka auna, domin akwai masu inci 13 da masu 15, kuma wasu gangunan Premier na kafin ƙarshen shekarun 1960 girmansu ya ɗan saɓa da wanda duniya ke amfani da shi yanzu, fatar zamani ba ta zama a kansu. Ƙirga gidajen noti, wato ƙarafan nan da aka ɗaure a jikin ganga da notin ke shiga ciki, masu sayarwa na ce musu log. Shida ne, takwas ne, ko goma? Wannan lambar ita za ta yanke maka irin rim ɗin da zai yi.

In jikin na ƙarfe ne ɗora maganaɗisu. Ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa kurom. Bai manne ba, to ko alminiyom ne ko tagulla, alminiyom ba shi da nauyi, tagulla kuma in ka leƙa cikin ramin noti za ka ga ɗorawa-ɗorawa. Ka san wannan tun yanzu don abin da zai wanke wani shi zai ɓata wani.

2. Kwancewa

Fara da sakin waya, kwance ta ta gefe biyu ka ajiye. Sai notocin sama, amma kar ka kwance ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure, bi su rabin juyi rabin juyi kana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa har duk su saki, in ba haka ba rim na iya karkacewa. Haka za ka yi wa na ƙasa. Rim ɗin ƙasa daban yake da na sama, yana da taga biyu inda waya ke wucewa, kar ka haɗa su.

Notin da ya ƙi motsi don Allah kar ka sa ƙarfi. Ɗiga masa kananzir ko WD-40 ta sama da ta ƙasa, bar shi ya kwana, gobe ka ɗan ƙwanƙwasa kansa a hankali, ka gwada ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance, sau da yawa wannan ɗan motsin gaba shi ke karya tsatsar. In ka murɗe shi ya karye a cikin gidan ka ƙara wa kanka aikin sati.

Gidajen noti ta ciki ake kwance su. Ka yi a kan tabarma ko tire, domin yawanci cikin kowane gida akwai ɗan sifirin da ɗan goro mai tiredi wanda notin ke kamawa, da zarar ka ɗaga gidan sai su yi tsalle su ɓace, kuma su ne mafi wuyar samu. Ni nakan sa wa kowane gida lamba da alƙalamin maka ta ciki, in rubuta lambar a ɗan salatif kusa da raminsa, kowa ya koma inda ya fito. Bajo kuwa bar shi inda yake, yawanci zoben ramin iska ne ke riƙe da shi, in ka ɓanɓare ba zai koma yadda yake ba kuma darajar gangar ta ragu.

3. Jikin ganga

A nan ake sanin ko aikin zai yi kyau ko a'a, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai.

Farko zagaye. Auna faɗin daga waje zuwa waje ta wurare huɗu daban daban, kana bin layin ramukan noti. Gangar inci 14 za ka ga tana ba ka ƙasa da 14 kaɗan, wajen 13 da bakwai bisa takwas, haka ake yin ta don fata ta samu wurin zama. In bambancin awon bai wuce milimita 3 ba babu damuwa. Hanya mai sauƙi kuma ita ce ka ɗora fata a kai ka juya ta da hannu, in tana juyawa ba ta cijewa to lafiya. Na ƙarfe da ya lotsa ana iya fitar da shi ta ciki da gudumar roba a kan buhun yashi, da kaɗan kaɗan, ba da gudumar ƙarfe ba. Na katako da ya zama kamar ƙwai sosai kuwa ba ya komawa da sauƙi, sai dai a yanka katako daidai faɗin da ake so a tokare ta ciki a bar shi makonni.

Na biyu baki, wato gefen da fata ke zama a kai. Kife gangar a kan gilashi a ɗaki mai duhu, sa tocila a ciki, duba ta inda haske ke fita. A bakin sama bai kamata ka ga haske ba sai ɗan kaɗan. A bakin ƙasa kuwa dole ka ga haske a wurare biyu masu fuskantar juna, daidai wajen liba da wajen mariƙin waya na ɗaya gefen. Wannan ba lalacewa ba ce, kwari ne da kamfani ya yi da gangan don waya ta kwanta ta manne da fata. Na sha ganin gangar da aka kai wa kafinta ya ga wurin ya lotsa ya goge shi ya daidaita, daga ranar wayar ba ta ƙara yin shiru ba, sai zuuu kawai take ko an buga ko ba a buga ba. Ka gaya wa duk wanda zai taya ka kar ya taɓa wurin.

In bakin sama na da 'yan tudu da kwari, manna samfefa 220 a kan gilashin da salatif, kife gangar ka riƙa juya ta kamar sitiyari, ba gaba da baya ba. Ka shafa fensir a bakin tukuna, da fensirin ya goge ko'ina ka tsaya. Tsofaffin ganguna bakinsu a dunƙule yake ba mai kaifi kamar na yanzu ba, shi ke ba su kaurin murya, kar ka ce sai ka feƙe shi. Ƙaramin rami ko ɓantarewa kuma ka kwaɓa garin katako mai laushi da farin gam ka cike, ya bushe ka goge da 320.

Inda falle-fallen katakon suka rabu, ko zoben ƙarfafawa na ciki ya saki, buɗa tsagar kaɗan da bakin reza, hure ƙurar, tura farin gam ciki da sirinji ko da guntun kati, matse, goge wanda ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi awa 24. Sa ɗan katako tsakanin matsi da jikin gangar kar ya bar shaida. Sufa gulu ba na wannan aikin ba ne, yana bushewa ya yi gautsi, hunturu ɗaya ya fasa shi. In ka ga ƙananan ramuka da gari na zubowa to ƙwaro ne a ciki, ɗura maganin ƙwarin katako a ramukan da sirinji a waje inda iska ke kaɗawa, bar shi ya sha iska kwanaki kafin ka ci gaba.

Rigar roba mai ƙyalli da ake naɗe jikin katako da ita, in bakinta ya ɗaga, shafa Evo-Stik siriri a fuska biyu, jira ya daina kama yatsa, danna ka ɗaure da robar taya. Kar ka kusanto da ita wuta ko ka ce za ka gasa ta ta yi laushi, ta tsofaffin ganguna tana kamawa da wuta nan take.

4. Wanke ƙarfe

Notoci da wosha da sifirin a jiƙa su cikin kananzir su kwana, a bi tiredin da buroshi. Masu tsatsa sosai in baƙin ƙarfe ne sa su a binega na 'yan awoyi kana dubawa, sai ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka busar nan take a rana, ka shafa mai, in ka bar su a jiƙe ko na awa ɗaya ne tsatsa za ta dawo. Gidajen noti kam ban da binega, yawancinsu ƙarfen zubi ne na zinc, tsami yana cin su. Ruwan ɗumi da sabulu da buroshi ya ishe su.

Kurom mai ɗigon tsatsa, dunƙule foyil ka tsoma a ruwa ka riƙa gogawa a hankali, za ka ga baƙin ruwa na fita wurin na haske, bayan nan ka bi da Autosol da tsumma. Ban da soson ƙarfe na wanke tukunya, ban da samfefa, karcen da suke yi ba ya fita har abada. Tagulla tsirara Brasso na yi mata, in babu jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana fitar da ita, ka ɗauraye sosai. Amma in tagullar an yi mata baƙin rufi ne daga kamfani ko an fesa mata banish, tsumma da ruwan sabulu kawai.

Akwai wata matsala da Ludwig Supraphonic ta yi suna da ita, jikinta alminiyom ne aka yi wa kurom, da shekaru sai kurom ɗin ya riƙa yin ƙuraje yana ɓarewa. Wannan ba ya gyaruwa da guga, kana gogawa yana ƙara tashi. Wanke ta ka bar ta haka, bai taɓa sautinta ba ko kaɗan.

Rim ma ka ɗora a gilashi ka gani ko yana rawa. Ɗan karkacewa kaɗan ana danne shi da hannu a kan gwiwa, wanda ya tsage a wajen ramin noti kuwa sai canji.

5. Neman kayan da suka ɓace

To ga inda mutane suka fi yin ɓarna. Noti ya ɓace, sai a aiki yaro kasuwar Sabon Gari ko wajen masu kayan babur a Tudun Wada ya samo mai kama da shi. Notin da ke kasuwarmu na awon milimita ne, M5 ko M6, shi kuwa notin yawancin ganguna tiredinsa na inci ne da ake kira 12-24, kaurinsa wajen milimita 5 da rabi, haƙora 24 a kowane inci. M5 zai shiga yana lilo ya zame in an ɗaure, M6 kuma zai kama juyi ɗaya ko biyu sai ya cije, mutum ya sa sifana ya tura da ƙarfi, shi ke nan goron ciki ya cinye, yanzu ko an samo notin gaskiya ba zai kama ba. Dokar ita ce notin da ya dace yatsu biyu ke shigar da shi har ƙarshe. Ya cije, fitar da shi. Kuma wasu tsofaffin gangunan Turai tiredinsu daban ne ma da wannan, shi ya sa kullum ka tafi da noti ɗaya na asali da gida ɗaya a aljihu ka gwada a gaban mai kaya. Tsawon noti daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe ake aunawa, ban da kan.

Wurin nema na farko shi ne wata matacciyar ganga. Sito ɗin da ka samo taka da wuya a ce ita kaɗai ce, nemi izinin mai kula da wurin ka duba sauran, ganga uku da suka lalace sukan tada biyu. Tambayi masu ban na biki, masu kula da kayan kiɗa a majami'u, da tsofaffin 'yan ban na soja da 'yan sanda da suka yi ritaya a gari, irin waɗannan dattawan sukan ajiye gwangwani cike da notoci. Ka je da ladabi, ka ce Baba ga abin da nake nema, ka nuna samfur, za ka sha mamakin abin da zai fito. Masu gwangwan ma ka bar musu sallahu da hoto a waya.

Na biyu shagunan kayan kiɗa a Kaduna da Sabon Garin Kano, in ba a samu ba sai kasuwar Alaba a Legas, ana turowa ta mota. Fata, waya, ki, notoci 12-24 da rim mai rami takwas ko goma duk ana samu. Abin da ba za ka samu a shago ba shi ne gidan noti ko liba na asalin tsohuwar ganga, wannan sai intanet, eBay ko Reverb ko zaurukan masu tsofaffin ganguna a Facebook, Jiji kuma don na cikin gida. Na gama-gari masu arha akwai a AliExpress. Kafin ka biya ko sisi auna tazarar ramuka biyun da ke jikin gangar, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, da milimita, ka sa mai sayarwa ya turo hoton nasa da ruwla a kai. Misali libar Ludwig P-85 tazarar raminta inci 2 da rabi ne, wata libar kuma ko kusa. Ka lissafa kuɗin turowa da na kwastan tun farko don wani lokaci sun fi kuɗin kayan.

In libar da ka samu raminta bai dace ba, kar ka huda gangar. Je wajen masu aikin alminiyom a yanka maka ɗan faranti mai kaurin milimita 3, a huda masa rami huɗu, biyu daidai da na ganga, biyu daidai da na sabuwar liba, faranti ya hau ganga liba ta hau faranti. Ranar da Allah ya kawo ta asali sai ka cire ka mayar, jikin gangar na nan lafiya. Akwai ma libobin da ake yi da dogon rami mai zamewa don su hau tazara daban daban. Sau da yawa kuma tsohuwar libar ba ta mutu ba, datti ne da busasshen giris, ko hannunta ya ɗan lanƙwashe, wanke ta da kananzir ka miƙe hannun a hankali kafin ka yanke mata hukunci.

Masu injin tona, a nan gari ko a Panteka ta Kaduna, suna iya yanka maka noti ko goron ciki in ka kai samfur, amma ka tabbatar ya auna haƙoran ya gane na inci ne, ya fara yin ɗaya ka gwada kafin ya yi sauran. Gidan noti da ya tsage kuwa kar ka kai wa mai walda, ƙarfen zubi narkewa yake tun kafin wutar ta yi nisa. Araldite na iya riƙe ɗan kunnen da sukuru ke shiga ta ciki na ɗan lokaci, amma inda noti ke ja ba zai jure ba. In ka rasa guda ɗaya tak kuma ka samu wani iri mai tazara ɗaya, sa shi ta bayan ganga inda ba a gani, ya fi a bar ramin babu komai. Sifirin na cikin gida kuma na biro mai dannawa yana maye gurbinsa in ka yanka daidai.

6. Fata da waya

Fatar roba da kamfanin Remo ya fito da ita a 1957 ita ta kori fatar dabba a wannan ganga, kuma iri biyu za ka saya. Ta sama mai kauri, irin Ambassador mai farin shafi ta wadatar. Ta ƙasa siririya ce ƙwarai kamar leda, an rubuta mata cewa ta gefen waya ce, ba a bugunta da sanda ko sau ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a makarantu shi ne a sa tsohuwar fatar sama a ƙasa, sai ganga ta yi dum dum kamar an kife bokiti, wayar ba ta amsawa. Kuma ka guji fatar Kevlar ta gangunan fareti na zamani, ɗaurin da take buƙata zai tsinke gidajen notin tsohuwar ganga.

In kana son fatar akuya a sama, ko girman gangar ya ƙi fatar kanti, je wajen masu haɗa ganga da kalangu su zaɓa maka ɗanyar fata da aka cire wa gashi aka shanya, ba wadda aka jeme ba. Ana jiƙa ta ta yi laushi, a yanka da rarar kamar yatsu uku, a naɗe ta a zoben katako ko na ƙarfe ana cusawa da bayan cokali, a ɗora a ganga a ɗan ɗaure kaɗan, ta bushe a inuwa kwana biyu. Sai dai ka sani da damina za ta saki, da hunturu kuma ta ɗaure kanta har ta fashe in ba ka sassauta bayan an tashi ba.

Waya mai layi 20 ta inci 14 ita ce ta kowa. In layi ɗaya ya miƙe ko ya tsinke yanke shi daga tushe ka goge kaifin, in sun wuce biyu uku canza duka. Banda: Premier 2000 da Ludwig Super-Sensitive da ire-irensu wayarsu doguwa ce ta musamman da ke wuce bakin ganga ta gefe biyu, ta kanti ba ta hawa, don haka ko ta yi tsatsa kar ka yar, wanke ta. Abin ɗaure waya in babu na kanti, yanka siririn zirin daga tsohuwar fatar roba, ko ka karɓi ribon mai ƙarfi wajen tela, ko siririyar igiyar nailan. Ban da wayar wuta, tana yanka fatar ƙasa.

7. Haɗawa da ɗauri

Mayar da sifirin da goro cikin kowane gida, cusa 'yar auduga a jikin sifirin don kar ya riƙa ƙara in an buga. Ɗaura gidajen da wosha ta ciki, su kama amma kar ka matse kamar tayar mota, ƙarfen zubi na cinyewa. Goga kyandir siriri a bakin katako. Ɗan taɓa basilin a ƙarshen kowane noti, kaɗan kawai, mai yawa ƙurar hunturu yake tarawa, kuma kowane noti da woshansa.

Fara da ƙasa. Ɗora fata, ɗora rim ka tabbatar tagoginsa biyu sun zauna daidai kan kwarin waya, wannan ana mantawa sai an gama a ga dole a kwance. Shigar da notoci duka da yatsu har su tsaya, sai ka ɗauki ki, rabin juyi a wannan, tsallaka na gabansa rabin juyi, haka haka har ka zagaye. Ta ƙasa tana son ɗauri sosai, amma siririya ce, ka bi ta a hankali. In ka ga 'yar tattara a wajen kwarin ƙara wa notocin gefensa kwata.

Ta sama ma haka, bayan zagaye biyu ɗora tafin hannu a tsakiya ka danna, za ka ji tana ƙas ƙas, ba fashewa take ba zama take. Sai ka ɗora yatsa ɗaya a tsakiya ka riƙa ƙwanƙwasa kusa da kowane noti kamar inci ɗaya daga rim, kana saurare, wanda muryarsa ta yi ƙasa ƙara masa kwata, wanda ta yi sama sassauta ka sake hawa. Leƙa ta gefe ka ga rim ya sauka daidai ko'ina.

Waya ita ce ta ƙarshe. Sassauta notin liba zuwa rabi, liba a sauke, ɗaure gefen mariƙi tukuna sannan gefen liba, yadda in ka ɗaga liba, farantan ƙarshen wayar biyu za su zauna da tazara ɗaya daga baki, kar ɗaya ya hau kan bakin ganga. Ɗaga liba, kana buga tsakiya a hankali kana ƙara notin har zuuu ɗin ya koma kas mai tsabta, ka tsaya nan. In sai ka sa ƙarfi liba ke hawa to wayar ta yi tsauri, ita ce hanyar da ake karya liba kuma ganga ta shaƙe. Ɗan zuuu kaɗan in wata ganga na bugawa kusa da ita ba matsala ba ne, kar ka bi shi da salatif.

Sabuwar fata tana saki a kwana biyun farko, ka sake bin notocin bayan an yi fareti ɗaya da ita. Wajen ajiya kuma a sauke liba, a sa ta cikin jaka ko buhu a kan kanta ba a ƙasan siminti ba saboda laimar Agusta da gara, kar a bar ta cikin mota a rufe da zafin Maris da Afrilu, kuma tsofaffin kayan da ka cire ko sun karye ka zuba su a leda ɗaya ka rubuta sunan gangar a jiki, su ne samfurin da za a nema da su nan gaba.